Waƙar Rabuwar da Ba a Yi Ba

"Gogen nan ba zai shiga gidana ba, haka shi ma mai rataye da shi."

Maganar da Dattijo Lemuel Ratliff ya yanke ke nan tun bara, kuma duk wanda ya san shi a kwarin Tolliver ya san ba ya magana biyu. Shi ne mai ja wa jama'a baitin waƙa a coci, ya ɗaga da muryarsa tsura su amsa, ba kiɗa ba tafi, don a wurinsu duk wani abu mai tsirkiya na filin rawa ne. Goge kuwa ya tsane shi fiye da komai. Akwatin Shaiɗan yake ce masa.

Sai ga shi 'yarsa ɗaya tilo, Dovie, Allah ya haɗa jininta da Emory Caudill, mutumin da ko gona zai je sai ya waiwayi gogensa kafin ya ja ƙofa.

Ita ma ɗin ba kanwar lasa ba ce. Banjon marigayiya mahaifiyarta take kaɗawa, wani abin kiɗa mai tsirkiya irin molo, uban ya kawar da kai albarkacin mai shi, da sharaɗin a rumbun masara zai riƙa kwana. Duk safiyar Asabar ita da Emory suna shiga gari su yi waƙa a gidan rediyo, a filin da masu injin niƙa suka ɗauki nauyi. Wannan kam uban bai hana ta ba. Ya ce ta yi hankalin kanta, tsakaninta da Ubangijinta ne. Aure ne dai ya ce ba da yawunsa ba, muddin saurayin bai ajiye goge ba.

Emory ba zai ajiye ba, ita ma ba ta so ya ajiye. Ta kuma yi wa kanta alkawari ba za ta bar gidan ubanta da baƙin cikinsa a bayanta ba. A haka aka tsaya, kowa ya ja tunga.

Kada kuma wani ya ɗauka zaman kuka suke yi. Ina! Ban taɓa ganin masoyan da aka hana aure suna ƙara ƙiba irin waɗannan biyun ba. An hana Emory wuce shinge, to sai suka mayar da shingen wurin aikinsu. Ita ta zauna ta ciki a kan kututture da banjo a cinya, shi ya jingina ta waje, rafi na gudu a bayansa. Ta jefa baiti, ya lalubo masa sauti a goge, ya mayar mata da nasa baitin, ta ce bai yi ba, su yi ta musu har rana ta faɗa bayan dutse. Haka suke haɗa duk waƙoƙinsu, ba wanda zai iya ce maka ga nata ga nasa.

Wata Laraba da yamma Emory ya iso bakin rafi a kan alfadarinsa mai suna Sanata. Da suka zo gaɓar ruwa sai Sanata ya kafe. Aka lallashe shi, aka zage shi, aka ja kunnensa, ko gezau. Ƙarshenta Emory ya sauka ya ɗaure shi a jikin bishiya, ya ɗaga goge sama da kansa, ya ratsa ruwan da ƙafa.

Dovie tana ta ƙyalƙyala dariya har da riƙe ciki.

"Ka gani ko? Ko dabba ta san dokar Baba."

"Wace doka? Wannan tsabar ƙeta ce. Jiya fa da gudu ya tsallaka, don ya hango gonar masarar su Hensley."

"Matse wandonka dai, kada ka jiƙa mana shinge."

"Mana? Ashe ni ma ina da rabo a shingen."

"Kana da gefen waje."

Ta miƙa masa burodin masara da zuma ta tsakanin itatuwan shingen, ya cinye a tsaye. Can a tsallake Sanata ya sunkuyar da kai yana kallon ruwa kamar wanda aka yi wa mutuwa. Dovie ta dube shi, ta taɓa tsirkiya, ta rera don tsokana:

"Na tsaya a bakin rafi, ruwa na ta wucewa."

Emory ya share bakinsa da sauri, ya ɗora goge a ƙirji.

"Sake faɗa."

Ta sake. Ya ja sauti mai sanyi a ƙarƙashin muryarta, ya ƙara nasa:

"Ƙafata ta ƙi shiga, zuciya na karyewa."

"Zuciyar Sanata?"

"Ke dai ci gaba!"

Kafin inuwa ta rufe kwarin sun gama. Waƙa ta fito da ƙafafunta, mai ban tausayi, irin wadda ke sa tsohuwa ta ajiye ɗinki:

"Na tsaya a bakin rafi, ruwa na ta wucewa,
Ƙafata ta ƙi shiga, zuciya na karyewa,
Gidan da ke tsallake, na san shi tun tasowa,
Ba na sake taka shi, yau ce ranar rabuwa."

Emory ya ce, "Wai me ya sa duk ranar da muka fi jin daɗi, waƙar kuka ce ke fito mana?"

"Wa ka taɓa ji ya kunna rediyo don ya saurari mutum biyu suna cin burodi da zuma?"

Ya yi dariya, ya ce a cikin amshi a sa sunan rafin Tolliver don ya zauna daidai a baki. Ta ce a sa.

To a nan suka yi kuskuren, kuma ba su sani ba.

Mu mutanen kwarin nan waƙa ita ce jaridarmu. In rami ya rufta da masu haƙar kwal, a waƙa za ka ji sunayensu. In ambaliya ta ci gada, a waƙa za ka ji wa ya tsira. Dovie da Emory kuwa tun da suka fara ba su taɓa haɗa waƙar abin da bai faru ba. Sun yi ta ruftawar rami, sun yi ta gobarar makaranta, sun yi ta tsohon likitan da ya mutu a kan dokinsa, duk kuma haka aka yi. Yanzu ga su za su tsaya gaban abin magana, ita ce mai ja, da sunan rafin da ya raba gidanta da nasa a cikin amshi.

Ranar Asabar suka rera. Da ta zo baiti na uku muryarta ta yi rawa, har sai da Emory ya ƙara jan goge ya rufa mata. Da aka gama ya ce lafiya? Ta ce ba komai, maƙogwaro ne. Suka rabu a tasha cikin raha, shi ya wuce injin katako inda yake aiki, ita ta hau motar komawa kwarinsu.

Tun a mota ta ga ana kallon ta ana kawar da kai. Wani tsoho ya tashi ya ba ta kujerarsa, alhali ga kujeru nan ba kowa.

Da ta iso gida ta tarar da mata a baranda, kowace da kwano a rufe. Ga tukunyar wake, ga soyayyar kaza, ga kek ɗin tuffa mai hawa-hawa, irin abincin da ake kaiwa gidan makoki.

"Wa ya rasu?"

Ola Hensley, maƙwabciyarsu, ta taso ta rungume ta tana shessheƙa.

"Allah sarki, har tana tambaya. Sannu Dovie. Sannu kin ji? Namiji ke nan, ba ɗan goyo ba ne."

"Wane namiji?"

"Ba sai kin ɓoye mana ba. Ina cikin wanki na ji ki, na zauna a kan bokiti na yi kuka na ƙoshi."

Sai a lokacin Dovie ta gane. Dariya ta kubce mata, ta ce, "Haba Inna Ola! Waƙa ce kawai fa. Ni da Emory lafiya lau muke, yanzun nan muka rabu a tasha."

Matan suka dubi juna.

"Kun ji ko? Sun rabu a tasha."

"Ba wannan rabuwar ba! Na ce muku waƙa ce."

"Mun sani, 'yar nan. Ta ramin kwal ma ai waƙa ce, amma da hannunmu muka yi wa mutane sutura. Zauna ki ci wani abu, dubi yadda kika rame."

Ita da har zoben hannunta ya fara matse ta! Ta yi bayani har bakinta ya gaji, tana faɗa suna gyaɗa kai suna ƙara mata kaza. Da ta ambaci alfadari sai Ola ta dafa goshinta ta ji ko zazzaɓi ne.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ta yi kuka ba, Gwaggo Icy, yayar mahaifinta, wadda ta rene ta tun rasuwar uwarta. Ita kam bakinta har kunne. Tana ta jera kwanuka tana 'yar waƙar coci a hanci.

Da baƙi suka watse ta ce, "Na aika wa Royce Blevins ya zo cin abinci gobe bayan coci."

"Gwaggo!"

"Gwaggon me? Mutum da shagonsa, da motarsa, da kujerarsa a coci. Shekara nawa yana aiko miki da alewa?"

"Ke kike shanyewa ai."

"Don kada ta lalace. Ke dai Allah ya raba ki da wahala, ki gode masa."

"Ban rabu da kowa ba, Gwaggo."

"A rediyo kika faɗa, duk duniya ta ji. Yau kuma za ki zo ki ce min ƙarya kika yi wa duniya?"

Abin ya fara daina ba Dovie dariya.

Mahaifinta ya dawo da yamma daga taron dattawan coci. Bai taɓa abinci ba, ya zauna a baranda yana kallon tsallaken rafi. Ba ta damu sosai ba, don ta san ba ya sauraron rediyo, kuma maganar kiɗa ba ta taɓa haɗa su zama ba.

Washegari bayan coci sai ga motar Royce Blevins ta tsaya a ƙofar shinge. Ya fito cikin kwat, gashi ya sha mai, da kwalin alewa a hannu. Ba mugun mutum ba ne, a gaskiya. Matsalarsa ɗaya, in ya fara ba ka labarin motarsa sai ka manta ranar da aka haife ka.

"Dovie, na ji abin da ya faru," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ni ba mai murna da karayar wani ba ne. Amma ina nan. Da ma ina nan."

"Na gode, Royce, sai dai babu abin da ya faru."

"Haka ne. A bar shi a haka, ba sai an tayar ba."

Gwaggo Icy ta ja shi ciki ta zaunar da shi a kujerar da ta fi kowace laushi. Dovie ta ɗauki tulu ta ce za ta ɗebo madara, ta fice ta baya zuwa ɗan ɗakin da aka gina a kan idon ruwa, inda ake ajiye madara ta yi sanyi. Tana durƙushe tana zubawa ta ji takun mutum. Ta waiga, mahaifinta ne tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu.

"Dovie."

"Na'am, Baba."

Ya juya hular a hannunsa.

"Jiya na tsaya shagon Royce sayen ƙusa. Akwatin rediyon nan nasa a kunne. Na ji muryarki."

Ta ajiye tulun a hankali.

"Na so in fita, na kasa. Na tsaya a gaban mutane har kika gama." Ya sunkuyar da kai. "Ranar da muka binne uwarki kina 'yar ƙarama, ba ki yi kuka ba sai da muka dawo gida kika ga takalminta. Irin wannan muryar na ji jiya. Ban sake jin ta ba tun ranar sai jiya."

"Baba..."

"Bari in gama, maganar ba ta da sauƙi a bakina. Icy tana murna, ni ban yi murna ba. Na tambayi kaina, Lemuel, a kan akwatin katako za ka kashe wa 'yarka zuciya? Me za ka ce wa uwarta in kun haɗu?" Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, bai share ba. "In maganata ce ta kore shi, na janye. Zan tsallaka da ƙafata in kira shi. Ya zo da gogen nasa, ya shiga da shi har ɗaki in ya so. Ni dai kada in sake jin wannan muryar."

Dovie ta miƙe tsaye. Abin da ta shekara tana roƙon Allah ke nan, ga shi an ɗora mata a tafin hannu. Ba a ce ta yi komai ba, shiru kawai za ta yi. In ta sunkuyar da kai ta ce na gode Baba, shi ke nan an gama. Kafin ganyen bishiyoyi su zuba an ɗaura aure.

Ta dubi tsohon. Mutumin da bai taɓa yi mata ƙarya ba ko da ta wasa ce. Sai kuka ya ƙwace mata.

"Baba, ba mu rabu ba."

"Me kika ce?"

"Ni da Emory ba abin da ya same mu. Ko musu ba mu yi ba, sai a kan baiti. Waƙar ƙirƙirar ta muka yi." Ta share hanci da bakin zanenta. "Alfadarinsa ne ya ƙi tsallaka rafi ran Laraba, muna dariya muka fara ta."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Alfadari."

"E, Baba."

"Wannan mai kunne ɗaya a karye?"

"Shi."

"Na tsaya a tsakiyar shago, dattijo da ni, ina zubar da hawaye a gaban masu sayen gishiri, a kan alfadarin gidan Caudill?"

Ya mayar da hularsa kai, fuskarsa ta koma irin ta ranar wa'azi.

"Abin da nake faɗa ke nan tun farko. Kiɗan nan yana koya wa mutum ya faɗi abin da ba haka ba da murya mai daɗi. Maganar da na yi miki yanzu a kan ƙarya na gina ta, don haka ta rushe. Muna nan inda muke."

"Na sani, Baba. Shi ya sa na faɗa maka."

"Kin san za ki rasa, kika faɗa?"

"Da in shiga gidan miji da yardar da na sato, gara in tsufa a bakin shinge."

Ta ɗauki tulun, hawaye na ɗiga a hannunta, ta raɓa za ta wuce. Ya tare ƙofar da hannu.

"Tsaya. Abu ɗaya ban gane ba. Kalmomi ana ƙirƙira, na yarda. Kukan fa? Ni na san muryarki tun ranar da kika faɗo duniya. Wancan ba na alfadari ba ne."

Dovie ta jingina da bango. Ko Emory ba ta gaya wa wannan ba.

"Ina cikin rerawa na zo wurin gidan da ke tsallake, sai na gan ni a can, a barandar su Emory, na yi aure ba da yawunka ba. Daga can in na ɗaga kai, wane gida zan hango a tsallake, Baba? Wane gida na sani tun tasowa? Na hango ka zaune kai kaɗai da Gwaggo, ga hayaƙin murhunmu ina gani, ba ni da fuskar da zan tako. Shi ne muryata ta ƙi." Ta fashe da kuka sosai. "Ina son sa, Baba, ba zan ɓoye maka ba, ina son sa har raina. Kai ma kuma ba zan iya barin ka ba. Kullum ina dariya a bakin shingen nan, amma tsoron ranar da za a ce in zaɓa yana nan a ƙirjina."

Tsohon ya miƙa hannu ya karɓi tulun daga hannunta, abin da bai taɓa yi ba, ya juya ya nufi gida. Ta bi bayansa tana share fuska. Hadari ya haɗo ta kan dutse, iska ta fara kaɗa ganyen masara.

Suna zagayowa gaban gida suka ji kare na haushi.

Emory ne tsaye a ƙofar shinge, wando a jiƙe har gwiwa, yana haki, goge a hannu ko jakarsa babu. Daga gani yana cikin kaɗawa labari ya same shi, ya taso bai ma san yana riƙe da shi ba. Royce ya fito baranda da cinyar kaza a hannu, Gwaggo Icy a bayansa ta riƙe ƙugu.

"Baba Ratliff, barka da rana," Emory ya ce. "Ban wuce shinge ba, ka gani. Amma tun jiya ake yi min jaje, yau kuma uwata ta dawo daga coci ta ce wai a gidan nan ake ba da Dovie."

"Buhun masara ce da za a bayar?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Kai ne mai alfadarin?"

Emory ya saci kallon Dovie, ya ga idanunta jawur. Ya ce, "Ni ne."

"Ina yake?"

"Yana tsallake. Ya sake ƙi."

Dattijon ya miƙa wa Dovie tulun. Ya taka har bakin shinge, ya zare sakatar, ya buɗe ƙofar da ya shekara da rufewa.

"Shigo ka ci abinci. Wannan kuma," ya nuna gogen da haɓa, "ya tsaya nan."

"Lemuel!" in ji Gwaggo Icy. "Muna da baƙo fa!"

"Yanzu sun zama biyu."

Emory ya dubi gogen, ya dubi sama. Hadarin ya riga ya rufe rabin kwarin. Dovie ta san abin da yake tunani, don ta sha jin sa yana faɗa: da danƙo aka haɗa goge, in ruwa ya jiƙa shi sai ya ɗaye gida-gida, kuma wannan na kakansa ne, babu irinsa. Ta so ta ce masa ya koma da shi gida, wata rana a sake. Kafin ta buɗe baki, Emory ya riga ya yanke shawara.

Ya ɗora gogen a kan ginshiƙin shinge a hankali, ya ajiye sandar jan a gefensa, ya shigo.

Bai yi nisa ba ɗigon farko ya faɗo a kan hularsa. Na biyu ya bugi cikin gogen, kowa ya ji ɗan sautin da ya yi. Emory ya tsaya cak. Dovie ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ta ga ya dunƙule hannu. Bai waiwaya ba. Ya ɗaga ƙafa ya ci gaba da tahowa wurinta, ruwa na ƙara ƙarfi, ya hau matakalar baranda ya cire hula ya gaida Gwaggo Icy, ya gaida Royce.

Dattijo Lemuel yana nan tsaye a bakin shinge, ruwa na dukan sa. Ya dubi bayan saurayin, ya dubi abin da ke kan ginshiƙi.

Sai ya miƙa yatsu biyu ya ɗauki gogen ta wuya, nesa da jikinsa, kamar mai ɗauke mataccen maciji daga hanya. Ruwa ya sake zubowa da ƙarfi. Ya yi tsaki, ya buɗe kwat ɗinsa ta zuwa coci ya cusa shi ciki, ya haɗa da sandar, ya rufe da hannu, ya taho da sauri yana sunkuye.

Ba wanda ya yi motsi a barandar. Royce ya manta da kazar da ke hannunsa.

Tsohon ya hau, ya wuce su duka har ƙarshen baranda inda feshin ruwa ba ya kaiwa. Ya fito da gogen, ya goge ɗigon da ke jikinsa da hannun rigarsa, ya kwantar da shi a kan benci.

"Baranda ba cikin gida ba ce," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Kuma ban ce na yarda ba."

"Na ji, ranka ya daɗe," in ji Emory.

Dovie tana rungume da tulun madara, dariya da kuka sun haɗe mata, ta rasa wanda za ta fara. Uban ya karkaɗe ruwan hularsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya harare ta.

"Ke kuma kin tsaya kallon me? Je ki ƙaro faranti."